Gasar Nunin Karnuka: Tsakanin Mai Kare Da Gwanin Haya

Duk wanda ya san birnin Ikko ya san cewa unguwar Obalende tana jingine ne da Ikoyi, kamar yadda zaure yake jingine da cikin gida. Hausawa kuwa sun daɗe a wannan gefe. Tun cikin shekarar 1863 wani Baturen soja mai suna John Glover ya tara 'yan Arewa 18 ya kafa ƙungiyar tsaro wadda aka riƙa kira Hausawan Glover, kuma daga gare ta ne sojan Nijeriya ya samo asali. Sojojin Hausa da iyalansu suna cikin waɗanda suka fara raya Obalende. Da tafiya ta yi tafiya sai waɗansu sana'o'i suka biyo baya, kamar su tsire da balangu, da aikin gadi, da kula da dawaki a filin ƙwallon doki na Ikoyi wanda ke maƙwabtaka da Barikin Dodan.

Cikin waɗannan ayyuka akwai ɗaya da ba a cika ambatonsa ba, watau kula da karnukan manyan gidaje. In rana ta yi sanyi akan ga mutum a bakin titi riƙe da igiyar wani ƙaton kare yana zagayawa da shi, sau da yawa kuwa ba shi ne mai karen ba. Shi yake ba shi abinci, shi yake yi masa wanka ya cire masa kaska, shi ne kuma zai fara gane ranar da ba shi da lafiya. Amma takarda da suna na maigida ne. Haka abin yake a barga, yaron barga ya sha wahalar doki, ranar wasa a miƙa wa mai doki kofi.

To, wa ya cancanci yabo in dabba ta yi fice, mai ita ko wanda ya riƙe igiyarta? Wannan tambaya ta daɗe tana damun masu gasar karnuka a ƙasar Amurka, sai dai su ta wata fuska ta zo musu. A can, mutumin da yake kiwon karensa da hannunsa shi ne yake kukan cewa gwanayen da attajirai ke ɗauka haya sun hana shi sakat a fage. Kukan ya yi yawa har aka yi masa dokoki na musamman, aka ware masa matakan daraja nasa na kansa.

Mai karatu ya san matsayin kare a wurin malaman ƙasar nan. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda ake karantawa a zaurukan ilmi, bai yarda a ajiye kare a gida ba sai don tsaron gona, ko rakiyar dabbobi, ko farautar da mutum yake neman abinci da ita. Saboda haka abin lura a cikin wannan bayani shi ne tsarin alƙalancin, gama tsari ne da zai amfani duk mai son a gwada dabbarsa da ta wani bisa adalci, ko rago ne, ko sa, ko doki.

ASALIN GASAR

An yi gasar nunin karnuka ta farko irin ta zamani a birnin Newcastle na ƙasar Ingila cikin watan Yuni na shekarar 1859. Karnuka 60 aka kawo, iri biyu kacal, dukansu na farautar tsuntsaye, kuma bindigogi aka ba waɗanda suka ci. Tun a wannan karo na farko aka ga abin da zai iya ɓata irin wannan sha'ani. Ɗaya daga cikin alƙalan iri na farko karensa ne ya zo na ɗaya a iri na biyu, ɗaya daga cikin alƙalan iri na biyu kuma nasa ne ya ci a iri na farko. Ko da karnukan nasu sun cancanta, ai zuciyar ɗan kallo ba za ta kwanta ba.

Gasa ta yi ta yaɗuwa, rigingimu su ma suka yi ta ƙaruwa, har aka ga tilas a sami hukuma. A shekarar 1873 aka kafa ƙungiyar Kennel Club a Ingila don ta riƙe littafin asalin karnuka ta kuma tsara dokoki. Amurka ta kafa tata a 1884, wadda aka fi sani da AKC. A 1911 kuma waɗansu ƙasashen Turai suka haɗu suka kafa ta duniya mai suna FCI, wadda hedkwatarta ke ƙasar Beljiyam. Manyan tarurruka biyu da suka fi suna su ne na Westminster, wanda aka fara a New York a 1877, da na Crufts, wanda wani mai tallan biskit ɗin karnuka, Charles Cruft, ya fara da sunansa a Landan a 1891. A shekarar 1991, da aka mai da taron Crufts birnin Birmingham, karnuka 22,973 ne suka shiga gasar ƙira.

ABIN DA ALƘALI YAKE DUBAWA

A irin wannan gasa ba a sa karnuka tsere, ba a sa su faɗa, ba a kuma kai su daji. Ƙira ake dubawa. Kowane irin kare yana da siffarsa a rubuce, wadda ta faɗi tsayinsa, da yanayin kansa, da haƙoransa, da ƙirjinsa, da gashinsa, da tafiyarsa. Aikin alƙali shi ne ya gwada kowane kare da wannan rubutacciyar siffa, ya fid da wanda ya fi kusa da ita. Manufar tun asali ita ce a gane dabbar da ta fi dacewa a sami iri daga gare ta, gama kyan ɗa ya gaji ubansa. Don haka ne a Amurka ba a karɓar karen da aka dandaƙe, ba a kuma ba da makin zama zakara ga kwikwiyon da bai kai wata shida ba.

Misali mafi kusa shi ne karen Azawak, watau siririn karen nan na Buzaye da Fulani mai dogayen ƙafafu, wanda ya sami sunansa daga kwarin Azawak da ke tsakanin Jamhuriyar Nijar da Mali. A farkon shekarun 1970 aka fara kai shi Turai, ƙasashen Yugoslabiya da Faransa. FCI ta karɓe shi a farkon shekarun 1980, ta ba siffarsa lamba 307, ta kuma danƙa kula da ita a hannun Faransa. Siffar ta ce namiji ya kasance tsakanin santimita 64 da 74 a kafaɗa, nauyinsa kilo 20 zuwa 25, macen kuwa santimita 60 zuwa 70, kilo 15 zuwa 20. Tsayinsa ya ɗara tsawon jikinsa, fatarsa ta zama marar kauri har a riƙa ganin ƙashi da tsoka a ƙarƙashinta. Wanda bai sani ba sai ya ce yunwa ce ta kama shi, alhali kuwa haka Allah ya yi shi.

Akwai abin mamaki a nan. Siffar da Turai take bi ta amince da launin yashi zuwa ja ne kawai, da ratsin baƙi ko babu, da ɗan fari a ƙafa da ƙirji da bakin wutsiya. A rugagen Azawak kuwa ana samun waɗansu launuka. Ke nan kare zai iya tashi daga mahaifarsa ya je Turai a ce masa bai cika ɗan Azawak ba. AKC, wadda ta shigar da shi cikin rukunin karnukan farauta ranar 1 ga Janairu, 2019, ita ba ta ɗauki launi a bakin kome ba.

In an shiga fage, alƙali yakan duba haƙoran kare, ya shafa kafaɗarsa da bayansa da cinyoyinsa, sa'an nan ya sa a ja shi da sassarfa ya tafi ya dawo, ya kuma zagaya fili. A Amurka ana sa ran alƙali ya duba karnuka wajen 25 cikin awa guda, watau ɗan abin da ya ɗara minti biyu ga kowane ɗaya. Cikin waɗannan mintoci biyu ne wahalar shekara take ci ko ta faɗi, nan ne kuma gwanintar mai jan igiya take aiki.

MATAKAN DARAJA

A gasar AKC ana raba maza da mata, kowane ɓangare kuma a kasa shi aji aji. Akwai ajin kwiyakwiyai, da na 'yan wata 12 zuwa 18, da na sababbin shiga, da na waɗanda mai nuna su shi ne ya haɗa iyayensu, da na haifaffun Amurka, da kuma aji na kowa da kowa. A kowane aji mataki huɗu ake bayarwa, kowanne da launin ƙyallensa: shuɗi ga na ɗaya, ja ga na biyu, rawaya ga na uku, fari ga na huɗu. A Ingila kuwa ja ne na ɗaya, shuɗi na biyu, saboda haka baƙon da ya je can ya ga an ba shi shuɗi kada ya yi saurin murna.

Waɗanda suka zo na ɗaya a azuzuwan maza sai su sake karawa a fid da guda, haka ma a mata. Waɗannan biyu su ne ke samun makin zama zakara, daga 1 zuwa 5, gwargwadon yawan karnukan da suka kayar. Kafin kare ya zama zakara sai ya tara maki 15 daga hannun alƙalai uku aƙalla, kuma a cikinsu tilas a sami manyan nasarori biyu, watau masu maki 3 ko fiye, daga alƙalai biyu dabam dabam. An yi haka ne don kada alƙali ɗaya ya ɗaga karen abokinsa shi kaɗai.

Daga nan sai waɗannan biyu su shiga cikin zakarun da suka riga suka cika makinsu, a fid da gwanin iri. Akan kuma fid da wanda ya fi a ɗaya jinsin, watau in namiji ne ya ci sai a zaɓi macen da ta fi, sa'an nan a zaɓi namiji ɗaya da mace ɗaya masu biye musu. Gwanin kowane iri sai ya wuce zuwa rukuninsa. Rukuni bakwai ne, kamar na farauta, da na kiwo, da na aikin ƙarfi, da na ƙananan karnuka. Gwanayen rukunan nan bakwai su ne ke tsayawa a ƙarshe a fid da gwanin taro duka.

GWANAYEN HAYA

A Ingila galibin mutane su ke jan karnukansu da kansu. A Amurka kuwa jan kare a fage ya zama sana'a mai zaman kanta, da ƙungiyoyinta da takardun farashinta. Gwanin haya yakan ɗebi karnukan mutane da yawa cikin babbar mota, ya yi ta yawo da su daga wannan gari zuwa wancan kusan kowane mako. Ya san yadda zai tsai da kare har lahaninsa ya ɓuya, ya san saurin da ya dace da tafiyar kowanne, ya san abin da kowane alƙali yake so. Alƙalan su ma sun san fuskarsa, tun da kullum suna haɗuwa.

Galibi ba kuɗi ake ci a gasar ba. Gwanin taron Westminster ba a ba shi ko sisin kwabo, na Crufts kuma abin da ake ba shi bai wuce fam 200 ba. Suna ake nema, da darajar da irin karen zai yi daga baya. Duk da haka akwai attajiran da ke kashe dala dubu ɗari ko fiye a shekara a kan kare ɗaya, wajen ladan gwani, da sufuri, da tallan hotonsa a mujallun da alƙalai ke karantawa. Malamin makaranta ko ma'aikaciyar asibiti da ke da kare ɗaya a gida, wanda sai ranar hutu yake samun fita, yaya zai yi da irin waɗannan?

Ba a ce ba ya yiwuwa ba. A shekarar 1983 wani mutum mai suna Chris Terrell ya ci taron Westminster da wani karen farauta irin na Afganistan, wanda shi ya haɗa iyayensa, shi ya rene shi, shi kuma ya ja shi a fage. Amma yadda har yanzu ake ba da labarin wannan nasara ya isa ya nuna cewa ba kasafai ake samun irinta ba. Mutane da yawa sukan zo sau biyu sau uku, su ga kullum fuskoki ɗaya ne ke karɓar ƙyalle, su koma gida ba su ƙara dawowa ba. Alhali kuwa galibin karnukan da ake kawowa masu su ne ke jan su, kuɗin shigarsu ne kuma yake riƙe da tarurrukan. Ƙungiya ta ga in waɗannan suka watse, to kasuwa ta tashi.

DOKOKIN MASU JAN NASU

Mataki na farko da AKC ta ɗauka shi ne a shekarar 2009, sa'ad da ta ƙara wani aji musamman don mai kare wanda yake yi don sha'awa. Sharuɗɗansa masu tsauri ne. Tilas wanda sunansa ke cikin takardar mallaka shi ne zai ja karen. Kada ya kasance ya taɓa zama gwanin haya ko sau ɗaya a rayuwarsa, ko alƙalin gasar ƙira, ko yaron wani gwani. Iyalin gwanin haya da waɗanda ke zaune gida ɗaya da shi su ma an hana su. Sai dai aji ɗaya ne cikin azuzuwa. Wanda ya ci a nan, da ya fito neman maki sai ya sake cin karo da gwanayen da ya guje wa.

Saboda haka a shekarar 2012 aka fito da wani tsari mafi faɗi, watau jerin gasa na ƙasa baki ɗaya don masu jan karnukansu. Ana yin sa ne a cikin taro ɗaya da babbar gasa, rana ɗaya, fage ɗaya. Mai so sai ya sa alama a takardar shiga, a buga tauraro kusa da lambar karensa a cikin littafin taro. Sharaɗi shi ne mai karen ya riƙe igiya da kansa tun daga farkon alƙalancin irin har ƙarshensa. In ya miƙa wa gwani ko da sau ɗaya ne a tsakani, ya fita daga jerin a wannan rana.

An kuma bayyana ko wane ne gwanin haya, don kada a bar ƙofar gardama. Shi ne duk wanda yake cikin ƙungiyar gwanaye, ko ya raba takardar farashi, ko ya yi talla, ko ya nuna kansa a matsayin mai jan kare don lada, cikin shekara biyar da suka wuce. Mutanen gidansa da yaran da ke yi masa aiki su ma dokar ta shafe su. Bambancin wannan da dokar 2009 a fili yake. Waccan ta rufe ƙofa har abada, wannan kuwa ta bar wa wanda ya bar sana'ar shekara biyar hanyar dawowa.

YADDA AKE FID DA GWANI

Da alƙali ya gama fid da gwanin iri a babbar gasa, sai a sallami duk karen da ba shi da tauraro, masu tauraro su tsaya. Ƙa'ida ɗaya ce take tafiyar da sauran aikin: ba a ɗora kare a kan wanda ya riga ya kayar da shi a wannan rana. In gwanin iri da kansa mai shi ne ya ja shi, magana ta ƙare, shi ne gwani a nan ma. In ba shi da tauraro amma wanda ya fi a ɗaya jinsin yana da shi, to wannan ya riga ya kayar da duk 'yan jinsinsa, sai a gwada shi da masu tauraro na ɗaya ɓangaren kawai. In waɗannan biyu duk na haya ne, amma namiji da macen da ke biye musu suna da tauraro, sai alƙali ya zaɓi ɗaya daga cikinsu da waɗanda suka ci makin zama zakara a ranar, in su ma suna da tauraro. Da haka hukuncin alƙali na biyu ba zai taɓa saɓa wa na farko ba.

Wanda ya ci sai ya wuce zuwa rukuni na masu jan nasu, daga nan zuwa gwanin taro nasu. Makin a ƙayyade yake. Gwanin iri yana da 5. A rukuni, na ɗaya 30, na biyu 20, na uku 15, na huɗu 10. Mai biye wa gwanin taro 75, gwanin taro kuma 100. A ƙarshen shekarar gasa akan ɗauki goma na sama a kowane iri a gayyace su zuwa karawar ƙarshe cikin watan Disamba a birnin Orlando na jihar Florida. Daga baya an ƙara lambobin girma ga karen da ya tara maki a tsawon rayuwarsa, daga ta tagulla mai maki 250 har zuwa mafi girma mai 2,000.

INDA TSARIN YA GAZA

Ba a rasa masu suka ba. Waɗansu suna ganin abin kamar lallashi ne, a ba gwanaye nama a ba masu kare romo, tun da makin wannan jeri ba ya sa kare ya zama zakara. Waɗansu kuma sun lura cewa makin bai dubi yawan abokan karawa ba. Wanda ya kayar da karnuka 30 da wanda ya tsaya shi kaɗai a irinsa duk 5 za su samu. Ke nan wanda yake da kuɗin mota da masauki, ya halarci taro 80 a shekara, zai wuce wanda karensa ya fi kyau amma taro 10 ya iya zuwa. Bugu da ƙari, mai kiwon da ya shekara 40 a fage bai taɓa karɓar lada ba, doka ta sa shi layi ɗaya da wanda ya fara jiya.

Babban giɓin kuwa shi ne dokar tana duban abu biyu ne kawai, sunan da ke takarda da hannun da ke riƙe da igiya cikin fage. Ba ta tambayar wanda ya tashi da asuba ya share ɗaki ya dafa abinci. Attajiri yana iya ajiye ma'aikata su yi masa dukan wahala, ranar taro ya sa kwat ya karɓi igiya a bakin fage, ya kuma ci lambar mai jan nasa. Ma'aikacin nan kuwa, irin wanda ake gani a titunan Ikoyi, ba shi da aji ko ɗaya, gama shi ba mai kare ba ne, ba kuma gwanin da aka san sunansa ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

DARASI GA MASU RAGUNA

A shekarar 2019 an fara wani bikin karnuka a Ikko inda ake yi musu ado ana zagayawa da su, amma wannan sha'anin nishaɗi ne na 'yan birni. Dabbar da Bahaushe yake alfahari da ƙirarta ita ce rago. Duk wanda ya shiga Zangon Agege ko kasuwar Kara ta bakin hanyar Ibadan ana saura mako biyu Babbar Salla, zai ga alƙalanci ana yin sa a tsaye. Mai saye ya buɗe bakin rago ya duba haƙori, ya danna gadon baya, ya dubi faɗin ƙirji da murɗin ƙaho, ya sa a ja shi ya ga tafiyarsa. Shari'a ma ta riga ta ajiye ma'auni, tun da ba a layya da mai ido ɗaya, ko gurgu, ko marar lafiya, ko ramamme. Abin da ya rage shi ne a mai da wannan sani gasa mai doka.

Gasar da raguna suka fi shiga a Ikko ita ce ta karo, wadda malamai suke hani da ita saboda cutar da dabba, ga shi kuma ragon da ƙahonsa ya karye yana jini bai isa layya ba a mazhabar Malikiyya. Mutanen Senegal sun bi wata hanya. Tun cikin shekarun 1970 masu kiwo a wajen birnin Thiès suka haɗa tumakin Muritaniya da Bali-bali, ɗan'uwan Uda, suka fid da irin da ake kira Ladum. A shekarar 2009 aka fara gasar kyan rago a telebijin mai suna Khar Bii, inda likitocin dabbobi ke auna tsayi da tsawo da nauyi. Yau ragon Ladum mai suna yana iya yin kuɗin mota, har 'yan Nijeriya suna zuwa saye.

In masu kiwo da shugabannin zango, ko a Agege ko a Kano ko a Maraɗi, suka yi niyyar kafa irin wannan, akwai abubuwa huɗu da ya kamata su ɗauka daga abin da ya gabata. Na farko, a rubuta siffar Balami da Uda da 'Yankasa a nan gida, masanan cibiyar binciken dabbobi ta Shika su zauna da makiyaya da dillalai su yi ta tare, kada a wayi gari wani ya rubuta ta a wata ƙasa kamar yadda aka yi wa karen Azawak. Na biyu, a ware aji don wanda ya turke ragonsa da kansa. Matan aure da yawa a ƙasar Hausa da dusa da harawa da ƙowar wake suke kiwon rago ɗaya ko biyu a tsakar gida, ba kuwa za su iya karawa da mai gona da ma'aikata da likita ba. A kuma sa sharaɗin watannin da rago zai yi a hannun mai shi, don kada wani ya saya a kasuwa jiya ya kawo yau. Na uku, alƙali da mutanen gidansa kada su shigar da dabba a taron da yake hukunci, kuma ya faɗi dalilin hukuncinsa a gaban jama'a.

Na huɗu shi ne wanda Amurka ba ta yi ba. A takardar shaidar da za a ba mai rago, a bar layi ɗaya don sunan wanda ya yi kiwon, ko ɗansa ne, ko matarsa, ko yaron da ya ɗauka aiki, a kuma yanka masa rabonsa daga cikin kyautar. Wannan takarda ita ce zai nuna gobe in ya je neman aiki a wata gona, ita ce kuma za ta sa ya ƙara ƙwazo a kan dabbar da ba tasa ba. Da ma Hausawa sun ce da abokin daka ake shan gari. Allah ya sa masu abin su duba.